Marayun Ashiru

Ranar da Ashiru ya fara ganin Wasila, ta yi tagumi ne gaban kwamfuta a ofishin ƙungiyar masu sayar da iri a Gusau. Shafin intanet na ƙungiyar ya tara shafuka rututu, ta nemi na farar masara ta rasa.

"Malama, masara za ki yi wa kuka?"

Ta harare shi. "Kai ne mai gyaran da aka kira daga Furfuri? To yi abin da ya kawo ka."

Ya maƙala wa shafin wata 'yar manhaja, filogin, nan take komai ya fito a jere kamar zuriya. Ya ce babban shafi uwa ake ce masa, na ƙarƙashinsa 'ya'ya, wanda bai da uwa kuwa maraya. Ta jawo shafin masara ta ajiye ƙarƙashin na hatsi, ta yi dariya. Tun daga ranar kullum sai ya samo abin gyara a ofishin nan.

Maganar aurensu ta kai gidan su Wasila a Tsafe, har an sa rana. Wata Juma'a ta bar wayarta kan tabarma, saƙon Ashiru ya shigo, mahaifiyarta Inna Suwaiba ta duba.

"Sanyin idona, yau na gano wasu marayu da na manta da su. Laifina ne, ni na kawar da uwarsu bara. In kin dawo ki taya ni nema masu wata."

Inna ta dafe ƙirji. "Wanda ya kawar da uwar ɗiyansa zan ba ɗiyata? Wallahi gara in ba Labbo mai facin taya!"

"Inna, shafuka ne fa, na kwamfuta."

"Kwamfutar ce ke haihuwa?"

Ta ƙwace wayar, ta ce a mayar da kayan sa rana. Wasila ta daina cin abinci.

Ashiru ya zo da kwamfutarsa, ya durƙusa a zaure.

"Inna, ban taɓa aure ba."

"Na sani. Na aika Furfuri an bincika, ko akuya ba ka da ita. Buɗe ka nuna mini marayun."

Ya buɗe. Ga riɗi, ga gujiya, ga kuɓewa, can ƙasa su kaɗai.

Ta daɗe tana kallo. "To ba ka tashi nan sai kowane ya samu uwa. Ba ni ba da ɗiya ga mai barin abu a watse."

Ya zauna yana ja yana ajiyewa, Wasila na bayan labule tana raɗa masa inda kowanne zai shiga.

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da za a kai amarya unguwar Damba, inda Ashiru ya kama gida, Inna ta riƙe hannunta, idonta ya ciko.

"Allah ya zaunar da ku lafiya. Ya ba ku ɗiya na gaskiya, masu kuka da cin tuwo."