Hannun da Ba Ya Kama Lalle

Dutse ya sauka a gilashin bas ɗin kafin Rabi'atu ta ɗaga hannu ta hana. Gilashi ya tsage daga sama har ƙasa, amma bas bai tsaya ba. Ya ci gaba da gangarowa a hankali zuwa get ɗin sabuwar ma'aikatar, inda ita da sauran mata masu share ginin suka tare hanya da bokitai da tsintsiyoyi.

Ta tagogi ana hango kawunan maza da yawa. Leburorin Karmo ne, waɗanda Oga Wakili, manajan kamfanin da matan ke yi wa aiki, ya rantse zai kwaso su su karɓe aikin muddin mata ba su janye yajinsu ba.

Mai tuƙin kuwa Musaddiq ne.

Musaddiq ɗinta, wanda aka sa musu rana ƙarshen wata.

"Rabi, ka gani ko?" in ji Mama Magdalena da irin Hausarta ta Nyanya, tana nuna motar da hannunta mai naɗe da bandeji. "Na gaya maka wannan yaro na Oga ne."

Rabi'atu ta miƙe, ta ƙara ɗaure gyalenta a ƙugu, ta je tsakiyar get ta tsaya.

A shekarar ne gwamnati ke kwaso kayanta daga Legas zuwa Abuja. Gine-gine sun tashi, magina sun tafi sun bar siminti manne a kan daɓen tarazo, kamfani kuwa ya karɓi kwangilar wanke bene bayan bene kafin manya su iso. Da asid ake wankewa. Kowace safiya a miƙa wa mace jarka da buroshi, babu safar hannu, babu takalmin roba. Tafin hannu ya fara da ƙaiƙayi, ya koma saɓa, daga nan sai tsagewa. Na Mama Magdalena ya kai ba ta iya riƙe buroshi, Oga Wakili ya ce ta tafi gida, kamfani ba asibiti ba ne.

A cikin gini ba a barin mata biyu su tsaya magana. Wuri ɗaya ne suke haɗuwa babu idon oga: bas ɗin da ke kwaso su daga Nyanya. Shi kuma bas ɗin yana da wata cuta. Kullum in ya hau tudu sai lagireto ya yi zafi, Musaddiq ya gangara gefen titi, ya ɗauki galan ya tafi neman ruwa, ya daɗe bai dawo ba. A wannan tsayuwar Rabi'atu ta fara miƙewa tana magana. Da fari dariya suka yi mata. Daga baya kowa ta riƙa buɗe tafinta tana nuna wa 'yar'uwarta. Suka naɗa shugaba a kowane bene, suka yi alkawari in an kori ɗaya kowa ta ajiye tsintsiya. In Musaddiq ya dawo da galan sai ta tsokane shi, ta ce ba ta taɓa ganin direban da lagireto ya raina kamarsa ba. Ya yi murmushi kawai, ya gyara madubi yadda zai riƙa ganin fuskarta.

Madubin nan ne Mashkura ta kama. Ita ke raba jarkoki a sito, kuma kowa ya san ta daɗe tana yi wa Musaddiq kwalliya kafin ya zaɓi Rabi'atu. Ranar da sunayen shugabannin benaye suka isa kunnen Oga Wakili, Mashkura ta bi mata ɗaya bayan ɗaya tana raɗa musu cewa su tambayi kansu, wa ke kallonsu ta madubi kullum? Rabi'atu ta tare Musaddiq ta tambaye shi ko shi ne ya kai sunayen. Ya dube ta tsawon lokaci, ya ce shi tuƙi aka ɗauke shi. Tun ranar ba ta ƙara fita zance ba.

Gida ma wuta ce. Kawu Ɗangoggo, wanda ya riƙe ta tun rasuwar mahaifinta, ya ce bai baro Zariya ya kafa shago a Nyanya don 'yarsa ta zama abin nuni a bakin titi ba, a zamanin soja kuma. Mahaifiyar Musaddiq ta aiko cewa ba ta son surukar da 'yan sanda suka san sunanta.

Yanzu ga bas ɗin ya iso. Ya tsaya dab da ita, har tana jin hucin inji a ƙirjinta.

Mata suka yi caa, masu zagi na yi, masu neman duwatsu na yi. Daga cikin get Oga Wakili na ɗaga murya yana cewa direba ya danna ham ya shigo, za su watse da kansu. Can gefe Kawu Ɗangoggo ne, ya rufe shagonsa ya biyo ta, yana kiran sunanta kamar mai kiran wadda ta faɗa rijiya.

Ta zagaya zuwa tagar direba. Musaddiq na zaune, gumi ya jiƙa masa wuya, fuskarsa ta yi wani irin fari.

"Rabina..."

"Kada ka ƙara kira na haka."

Ta kama zoben da ya ba ta. Yatsan ya kumbura, zobe ya ƙi fita. Ta ja da ƙarfi har fata ta biyo shi, jini ya tsattsafo. Ta wurga masa ta taga.

"Ga kayanka. In za ka shiga get ɗin nan, ta kaina za ka bi. Taka ni, Musaddiq. Ai ka riga ka taka."

Ya kashe mota. Ya miƙa hannun hagu ta saman sitiyari ya zare makulli, abin da ya ba ta mamaki, don ta san da dama yake komai. Ya buɗe ƙofa ya sauko. Sai a lokacin ta ga hannun damansa naɗe cikin rigarsa ta sama, rigar ta jiƙe, wani wari da ta sani sarai yana tashi daga ciki.

Leburorin suka fara saukowa. Mata suka ja da baya, duwatsu a hannu. Na gaban leburorin, wani dattijo mai furfura a gemu, ya tambayi wace ce Madam Rabi. Aka nuna ta. Ya ce sunansa Albert. Ya je kusa da Mama Magdalena ya zauna a ƙasa. Na bayansa ya zauna. Haka suka yi ta zama har bakin get ya cika.

Albert ne ya ba da labarin, yana yi yana kallon ƙasa. Sun baro Karmo ke nan direba ya gangara gefen titi ya ce lagireto ya yi zafi. Maimakon ya tafi neman ruwa sai ya juyo ya fara yi musu bayanin asid da hannun mata. Bai iya magana ba, sai in'ina yake. Suka yi masa ihu, suka ce yunwa suke ji ba wa'azi ba, wani ma ya ce ai mata raki gare su. Sai ya sauka ya buɗe but ɗin motar, ya fito da jarka ɗaya cikin waɗanda aka loda musu, ya tsiyaya a bokiti ba tare da ya sirka da ruwa ba, ya tsoma hannunsa yana kallonsu. Wasu a nan suka juya gida da ƙafa suna zaginsa ya ɓata musu rana. Sauran suka ce a kai su su ga matan.

"Kuma Madam," in ji Albert, "ni na yi aikin gareji. Na leƙa injin nan. Lagiretonsa lafiya lau, ko ɗigo ba ya yi."

Tudun Nyanya ya dawo wa Rabi'atu a rai, da galan, da daɗewar da yake yi kullum wajen neman ruwa.

Oga Wakili ya kama ƙarfen get yana girgizawa. Ya ce Musaddiq korarre ne daga yanzu, ya kawar da motar ya kawo makulli. A bayansa Mashkura ce tsaye, ta fito daga sito kallo. Hannayenta biyu sanye da safar roba ruwan ɗorawa, sabuwa dal, irin wadda aka ce kamfani ba shi da ita.

Mama Magdalena ce ta fara gani. Ta nuna da bandejinta, mata suka juya gaba ɗaya. Mashkura ta yi saurin ɓoye hannu a baya, amma an riga an gani, an kuma gane wadda ta kai wa Oga sunaye.

Musaddiq ya ɗaga makullin ya sake shi cikin magudanar ruwan bakin get.

"Yi haƙuri, Oga. Lagireto ya yi zafi."

Bas ɗin ya zauna daram a bakin get, ba shiga ba fita.

Rabi'atu ta ja shi gefe zuwa famfon masu gadi. Ta warware rigar a hankali. Da ta ga hannun sai ta cije leɓe, ta sakar masa ruwa, hawaye na zuba ba ta share ba.

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Da na gaya miki, da kin gaya musu don ki wanke ni. Da ya kai kunnen Oga, ya canza direba. Ina za ku ƙara tsayawa?"

"Na zage ka gaban mutane."

"Kin iya zagi kuwa."

"Mahaukaci kawai... wa ya ce ka sa hannunka?"

"Ban iya magana irin taki ba, Rabina."

Wannan karon ba ta hana shi ba. Ta buɗe nata tafin kusa da nasa, duk tsaga da saɓa, ta ce mai ƙunshi ta riga ta gaya mata lalle ba zai kama ba, amarya za ta shiga gida da hannun lebura. Ya ce to ango ma haka, sai a zuba lallen a ƙafa. Ya laluba aljihu da hagu ya fito da zoben. Yatsan ba zai karɓa ba, sai ta ƙulle shi a bakin gyalenta, ƙulli biyu.

Kawu Ɗangoggo ya matso ya daɗe yana kallon hannun Musaddiq. Ya ce shi har yanzu bai yarda da zaman titi ba, kuma ba zai yarda ba. Sannan ya ce a nemo tasi a kai yaron nan asibiti, rana kuma tana nan inda aka sa ta, shi zai je ya sami mahaifiyarsa da kansa.

Kafin la'asar Oga Wakili ya sa aka turo kwali biyu na safar hannu ta ƙarƙashin get. Rabi'atu ta sa ƙafa ta mayar da su. Ta ce sai Mama Magdalena ta koma aiki, sai Musaddiq ya koma, sai an zauna da ƙungiyar matan da sunanta na ƙungiya. Mata suka buga bokitai, mazan Karmo suka taya su.

Ana cikin haka wata farar Fijo ta tsaya bayan bas ɗin. Wani mutum ya fito cikin kwat mai tsada, bajon ƙungiyar ƙwadago a ƙirjinsa, babu wanda ya taɓa ganinsa. Ya tsallake bokitai yana kare takalminsa. Ta tsakanin ƙarafan get ya miƙa wa Oga Wakili hannu, suka gaisa kamar tsofaffin abokai. Sannan ya juyo yana murmushi.

"Wace ce Rabi'atu? Sannu da ƙoƙari, ƙanwata. Daga Legas aka turo ni. Daga yau ni zan riƙa magana da yawunku."

Rabi'atu ta taɓa ƙullin da ke bakin gyalenta. Ta sunkuya ta ɗauki tsintsiyarta, ta koma tsakiyar get ta tsaya.