Itatuwan da Suka Faɗa Teku

Akwai wata yarinya 'yar aji shida da ake kira 'Yar Sauri, domin kullum ita take fara gama aiki. Ajinsu sun dasa ƙananan itatuwa a bakin titunan unguwa. Ta fi kowa alfahari da su. Duk wanda ya zo gidansu sai ta ja shi ya gani.

Kowane dashe yana da lamba biyu. Ɗaya tana nuna inda yake tsakanin kudu da arewa, ɗayar kuma tsakanin gabas da yamma. A kwamfutar makaranta akwai wata manhaja mai basira. Ita ce za ta fitar da taswira ta aika wa direban tankar ruwa, don ya san inda zai yi ban ruwa. Amma sai an rubuta mata bayanin yadda za ta yi.

Wata ƙawar 'Yar Sauri ce ta rubuta bayanin. Malama ta miƙa wa 'Yar Sauri.

"Ki duba shi da kyau," in ji Malama. "Manhajar ba ta taɓa zuwa unguwarku ba. Abin da aka rubuta kawai ta sani."

'Yar Sauri ta bi shi da ido sau ɗaya. "Ya yi, Malama! Ni dai na gane komai."

Washegari direban ya shigo harabar makaranta riƙe da wayarsa.

"Malama, ni fa tanka nake tuƙawa, ba jirgin ruwa ba. Duba, itatuwanku duk suna tsakiyar teku!"

'Yan aji suka fashe da dariya. Direban ya ce zai leƙo gobe. In taswirar ba ta gyaru ba, to sai wani mako, don yana da wasu unguwanni.

A hanyar gida 'Yar Sauri ta ga dashen sun langaɓe. Ba za su kai mako ba. Ta isa gida da hawaye, ta gaya wa Mama komai.

"Share fuskarki," in ji Mama. "Yau ni ce na'urar. Layukan tayil ɗin falon nan su ne taswira. Karanto mini bayanin."

Ta karanta: "Ki ɗauki lambobin dashe, ki sa alama a wurin." Ta miƙa wa Mama kofi. "Biyu da biyar."

Mama ta tako tana sandare hannuwa. Ta dire kofin a gindin firji.

"Haba Mama! Bakin ƙofa ya kamata!"

"Ranki ya daɗe, na yi biyu gaba, biyar gefe."

"Ai biyar ɗin ce gaba!"

"A ina aka rubuta?"

'Yar Sauri ta duba sama, ta duba ƙasa. Babu. Ita ta san wace lamba ce ta farko, shi ya sa ba ta lura ba a faɗa ba.

Ta ɗauki fensir. Ta rubuta wace lamba ake fara karantawa. Ta ƙara misali da dashen ƙofar makaranta. Mama ta sake gwadawa, sai ta tsaya cak.

"Wannan dashen lamba ɗaya kawai gare shi. In jefa shi ko'ina?"

"A'a!" Ta ƙara layi: in lamba ta ɓace, a tsaya a tambaya.

Da safe ta ba ƙawarta haƙuri, suka shigar da gyaran tare. Kafin a aika, ta ce a nuna mata taswirar. Ga dashen nan jere a bakin titi, kowanne a wurinsa.

Direban ya duba wayarsa ya yi murmushi. "Yauwa, yanzu sun dawo tudu."

Da aka tashi daga makaranta, ƙasar gindin kowane dashe a jiƙe take. Washegari Malama ta tsayar da 'Yar Sauri a gaban aji.

"Me kika koya?"

'Yar Sauri ta ɗaga kai. "In an ba ni bayani in duba, ba zan ce ya yi don ni na gane ba. Sai wanda bai san aikin ba ya bi shi ya isa daidai."

Ajin ya ɗauki tafi, ƙawarta ta fi kowa bugawa da ƙarfi.