Gargaɗin da Tasi'u Bai Rubuta Ba

Ku matso kusa. Kai Ɗanlami, ajiye wayar nan, wannan ba na dariya ba ne.

Tasi'u abokin aikina ne, manhajar kwamfuta muke rubutawa. Shi ya haɗa wa wani asibiti rumbun sunayen masu ba da jini. A ciki akwai ɗan sashen da ke zaɓar hanya mafi sauri in ana neman suna. Sauri kam ba a magana. Sai dai duk wanda ba a cike masa unguwa ba, tsallake shi yake yi. Tasi'u ya sani sarai. A aikinmu, in ka san inda abinka ya gaza, gargaɗi kake rubutawa a samansa, don na bayanka ya bi doguwar hanya in ta kama. Shi kuwa ya ce sai ya samu sarari.

Wata Asabar da rana tsaka, yana ofis shi kaɗai. Fanka ta tsaya. Ya ji ƙanshin turaren wuta. Ga tsohuwa zaune a kujerar gefensa, ƙofa kuwa a kulle. Ya sunkuya zai gaishe ta, idonsa ya sauka a ƙafafunta. Kofato ne.

Ba ta yi masa tsawa ba. Wallahi da ta yi, da ya fi sauƙi. Muryarta can ƙasa, kamar daga rijiya. Ta ce a tsamiyar bayan asibitin take zaune. Akwai wata yarinya mai sikila, Lawisa, da ke zama a inuwarta tana waƙa in ciwo ya lafa. Jiya jikin ya tashi, aka nemi mai irin jininta, kwamfuta ta ce babu.

"Akwai," in ji ta. "Duba waɗanda abinka ya tsallake."

Ya duba. Mutum ɗaya ne mai irin jinin, kuma shi Tasi'un ne. Ranar da ya sa sunansa yana sauri, bai cike unguwa ba. Gidansa kuwa daga ƙofar asibitin ana hango shi.

"Inna, yanzu me zan yi?"

"Rubuta. Ita an riga an kai ta makwanci."

Ya rubuta gargaɗin yana kuka, ya gyara sashen. Da ya ɗago, kujerar ba kowa.

Ni dai tausayinsa nake ji. Har yau ba ya iya bi ta ƙofar asibitin nan, zagaye yake yi. Ku kuma, kada wanda ya yarda ya zauna shi kaɗai a ofis da rana tsaka.