Faɗuwar Mai Jar Kwat

Ruwan sama ne ya kora Luba cikin gidan tarihin jiragen ruwa na Greenwich a London, ba son tarihi ba. Ta manta lemarta a jirgin ƙarƙashin ƙasa, don haka ta bi ayarin 'yan yawon buɗe ido don kawai ta bushe.

A wani ɗaki ta tarar da dogon saurayi baƙi tsaye kusa da tsohuwar igwa, yana zuba Turanci mai santsi. Yana ba su labarin yadda Ingila da Faransa suka cika teku da jiragen katako bayan juyin juya halin Faransa, suna farautar juna saboda tsibiran rake. Ya ɗauko dunƙulen ƙarfen da ake ɗura wa igwar don ya nuna musu nauyinsa. Ƙarfen ya suɓuce, ya sauka a kan babban yatsan ƙafarsa.

"Wayyo Allah na!"

Turawa suka yi tsit cikin ladabi. Luba kaɗai ta kwashe da dariya, har da riƙe ciki. Da aka watse, ya ɗingiso ya same ta.

"Ke ce kika yi min dariya."

"Ni ce. Sannu da yaƙi."

Sunansa Muhsin, ɗan Zariya, yana digirin digirgir a kan sojojin ruwa da na ƙasa na wancan zamani. Ita kuma aikin harhaɗa magunguna take yi a Camberwell. Kafin ruwan ya ɗauke ya karɓi lambarta, wai don ta faɗa masa maganin yatsa. Maganin bai wuce ƙanƙara ba, amma sai da suka yi sati suna tattauna shi.

Sai da soyayya ta zauna sannan ya faɗa mata sauran labarin. Yana cikin wata ƙungiya ta masu kwaikwayon tsofaffin yaƙe-yaƙe. Duk ƙarshen mako na bazara sukan sa kayan sojan da, su fita fili da bindigogin da ba harsashi sai albarushi, su yi ta harbin juna jama'a na kallo. Shi a ɓangaren Ingila yake, da jar kwat ta ulu. Kuma da yake ya iya faɗuwa, kusan kullum shi ake fara kashewa.

Luba ta yi masa kallon tsaf.

"Wato duk Asabar mutuwa kake yi?"

"Wani lokacin har da Lahadi."

Daga ranar ta sa masa suna Marigayi. Saƙonninsu suka koma haka:

"Marigayi, ka ci abinci kuwa?"

"Na ci, Lubabatuna. Yau Faransawa sun kashe ni da wuri, na samu na huta a ciyawa ina tunaninki."

"Allah ya ji ƙanka. Gobe ka zo mu sha shayi a Whitechapel."

Mahaifiyarta, da suke kira Mami, ta taɓa ganin sunan a wayar, ta ce, "Ke, bana son wannan wasan. Baki na yanka." Luba ta ce to, amma ba ta canza ba.

Matsalar ba Mami ba ce. Matsalar Dakta Abdulƙadir ce, mahaifin Luba, likitan sashen gaggawa da ya daɗe a London har furfura ta cika masa gemu, mutumin da ba ya dariya sai ya ga dalili. Shi tuni yana da wanda yake so a ransa: Umar Faruq, ƙaramin likita da ke aiki a ƙarƙashinsa, mai guga a riga da gaisuwa har ƙasa. Umar Faruq ba mugu ba ne. Yana dai son Luba, kuma ya iya bincike a intanet.

Shi ya turo wa Luba hoto, sannan cikin kuskure, in ji shi, ya tura wa Dakta ma. A hoton ga Muhsin kwance a ciyawa cikin jar kwat, kansa a kan cinyar wata Baturiya mai doguwar riga, tana shafa masa goshi.

Luba ta rubuta wa Muhsin: "Ashe gawa ma tana da mai jinya. Kada ka sake kira na."

Ya kira har ya gaji. Wata rana da ta fito daga aiki ta same shi a bakin ƙofa tare da wata dattijuwa mai sanda da jakar saƙa. Ita ce Tina, matar hoton. Tana da jikoki, kuma aikinta a ƙungiyar shi ne ta fito a matsayin matar sansani mai kula da waɗanda aka harba. Hular da ta sa ce ta rufe mata fuska a hoton. Tina ta riƙe hannun Luba ta ce yaron nan ya ishe su da zancenta, ko yana gawa ba ya yin shiru.

Kunya ta kama Luba, ta sunkuyar da kai. Daga baya ta tura masa: "Na yafe maka laifin da ba ka yi ba."

"Na gode, ranki ya daɗe."

Shi kuwa Dakta, ba Baturiyar ce ta dame shi ba. Rigar ce.

"Kakana yana cikin Kano ranar da igwar Turawa ta daki ganuwa," ya ce wa Luba a falo, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Mun zo ƙasarsu neman ilimi da abinci, na yarda. Amma in ɗauki 'yata in ba wa wanda yake sa musu kayan soja ranar hutu, kyauta, yana birgima a ƙasa ana tafa masa? Namiji da gemunsa?"

"Abba, bincikensa ne. Akwai 'yan Afirka da aka saya aka sa musu wannan kwat ɗin dole, har da Hausawa. Ya ce in bai tsaya a layin ba, masu kallo za su ɗauka babu baƙi a yaƙin."

"Ya rubuta a littafi. Mai hankali ba ya wasa da mutuwa. Ni kullum ganinta nake yi, na san ba abin wasa ba ce. Wanda ya mai da ita wasa, ina shakkar ko sallah ta dame shi."

Luba ta yi kuka a ɗaki. Ba za ta yi aure ba da yardar mahaifinta ba, Muhsin ya san haka, kuma bai taɓa neman ta yi ba. Abin ya tsaya cak, ba gaba ba baya.

Mami ce ta warware, a hankali, yadda ta saba. Ta ce wa mijinta, "Dakta, kai da ba ka ba da magani sai ka ga mara lafiya, ya za ka ƙi mutum ba ka gan shi ba? Ka je ka kalla. In ka dawo ka ce a'a, ni zan rarrashe ta."

Ya yarda, don ya samu hujja.

Wasan ya faɗo ranar Arfa, a wani fili bayan Croydon. Rana ta buɗe irin wadda Turawa ke tuɓe riga su yi ta murna. Dakta ya zo da farin kaftani da hula, yana azumi, ya tsaya a bayan igiyar da aka kewaye filin da ita, hannuwansa a baya. Luba da Mami na gefensa.

Tun da safe Muhsin ya turo wa Luba saƙo: "Na roƙa a sa ni a layin gaba, kuma yau ba zan mutu ba sai ƙarshe. Ina so Abba ya gan ni a tsaye."

Ta amsa: "Allah ya ba da sa'a, Marigayi."

Mai sanarwa ya yi bayani cewa sojojin Ingila sun sauko daga jiragen ruwa za su ƙwace tsibiri daga hannun Faransawa. Aka buga ganga. Masu jar kwat suka jero, masu shuɗiya suka tare su. Bindigogi suka tashi, hayaƙi ya turnuƙe, warin albarushi ya cika filin. Mutane suka fara zubewa, wani da ihu, wani da juyi kamar mai rawa. Dokar wasan ita ce duk wanda ya faɗi ya kwanta shiru, kada ya motsa har sai an busa usur, kuma babu mai kula shi.

Dakta ya ja tsaki.

An daɗe ana fafatawa, an kai gaba an dawo baya, Muhsin na tsaye. Can, kafin Faransawa su ɗaga bindiga, sai ya yi taga-taga ya kife da fuska. 'Yan kallo suka tafa. Wani dattijo kusa da su ya ce bai taɓa ganin mutuwa mai kyau irin wannan ba.

Luba ta yi murmushin dole. "Ya ce sai ƙarshe, amma ka ga ya iya, ko Abba?"

Dakta ya matso kusa da igiyar. Idonsa na kan jar kwat ɗin.

"Bai tare da hannu ba," ya ce.

"Na'am?"

"Duk waɗanda suka faɗi sun tare da hannu. Shi bai tare ba."

Kafin ta gane, ya ɗage igiyar ya shige. Mutumin da Luba ba ta taɓa ganin ya yi sauri ko don bas ba, sai ga shi yana gudu tsakanin sojojin Ingila da na Faransa, kaftani na kaɗawa, hula ta faɗi bai waiwaya ba. Yana ɗaga hannu yana ihu da Turanci cewa shi likita ne, a tsaya. Kwamandan Faransawa ya daka tsawa aka sauke bindigogi. Wasu 'yan kallo suka ɗauka cikin shirin ne, suka ƙara tafi.

Dakta ya durƙusa, ya juya Muhsin. Jikin ya yi zafi rau, leɓe ya bushe, hanci na jini. Dakta ya fincike maɓallan kwat ɗin, ya sa gawarwakin da ke kusa suka tashi suka kama shi zuwa inuwar tanti. Tina ta kawo ruwa da tsumma. Aka ɗaga ƙafafunsa, ana jiƙa masa wuya da ƙirji.

Luba na tsaye a bakin tantin. Sunan nan da ta sa masa ya dawo mata a rai, ta ji kamar ta haɗiye harshenta. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba.

Muhsin ya buɗe ido. Abin da ya fara gani shi ne gemun Dakta.

"Ina wuni, Baba," ya ce da ƙyar, yana ƙoƙarin tashi ya durƙusa.

"Kwanta. Me ka ci yau?"

Muhsin ya kawar da kai.

"Tambayarka nake."

"Ina azumi, Baba. Yau Arfa."

Dakta ya dubi kwat ɗin ulun da ke yashe a ƙasa, mai nauyi kamar bargo, ya dubi rana, ya sake duban yaron.

"A cikin wannan? Wa ka faɗa wa?"

"Ba kowa."

"To ba ka da hankali, kamar yadda na faɗa." Ya karɓi gorar ruwa daga hannun Tina, ya tallafo kan Muhsin. "Sha."

"Baba, saura kaɗan..."

"Saura kaɗan a bazarar London, da rana ba ta faɗuwa da wuri? Nafila ce. Sha, ɗana. In da laifi a kaina."

Muhsin ya sha. Mami ta dubi Luba, Luba ta dubi Mami. Duk sun ji ya ce "ɗana".

Dakta bai bari an kira tasi ba. A motarsa ya kai shi asibiti aka duba, a motarsa ya dawo da shi gida Camberwell. Da magariba ta yi ya sha ruwa, ya sa Muhsin ya zauna kusa da shi, ya tura masa kwanon ƙosai. Sannan ya ce, "Waɗannan Hausawan da aka sa wa kwat. Ya aka yi suka kai can?"

Muhsin ya fara bayani. Shayi ya huce, aka sake ɗora wani, Dakta na ta tambaya. Bai ce rigar ta burge shi ba, kuma har yau bai ce ba.

Washegari, ranar sallah, saƙo ya shigo wayar Muhsin: "Barka da sallah, Rayayye. Na goge wancan sunan har abada. Abba ya ce ka turo manyanka."

Ya amsa: "Lubabatuna, in na san haka ne da tuni na suma."

"Ka sake, ni zan ƙarasa ka."

Da kaka aka ɗaura aure a masallacin Whitechapel. Umar Faruq ya zo, ya yi addu'a da zuciya ɗaya, ya ci shinkafa ya tafi aiki. A wurin walima 'yan ƙungiyar suka zo cikin kayan gida, ɓangaren Ingila da na Faransa a teburi ɗaya, Tina ta sha ɗaurin ɗankwali da Mami ta yi mata.

Da za a tafi da amarya, Dakta ya riƙe hannun Luba ya sa a na Muhsin. Ya yi musu addu'ar zaman lafiya da zuri'a ta gari, jama'a suka amsa da amin. Luba na kuka a cikin mayafi.

Sannan ya jawo angon gefe, ya rage murya.

"Ban hana ka wasanka ba. Amma ga 'yata na ba ka. Daga yau duk ranar da za ka faɗi, ka tare da hannu."

"In sha Allahu, Baba."

"Zan zo in duba," in ji Dakta.

Allah ya ba su zaman lafiya. Bazarar da ta biyo baya kuwa ya zo, da kujerarsa ta naɗewa da gorar ruwa biyu.