Awon Sawun Hambali

Tamu ba ta taɓa mantawa da ranar da ta fara ganin Hambali ba. Ran tseren Samariya ne, ƙungiyar matasa, a Bande. Tana tallan ƙuli-ƙuli a bakin fili, ya taho a guje kamar barewa, ƙafa ba takalmi, ya yi fatali da farantinta. Maimakon ya wuce, sai ya tsaya ya tsince mata tas, ya koma, kuma ya ci tseren! Kafin a cire gyaɗa an kai goron tambaya gidansu.

Sai ga ƙaddara. Yana shirin babban tseren Damagaram ƙafarsa ta faɗa ramin gafiya, gwiwa ta goce. Yanzu da sanda yake zuwa zance, yana jan ƙafar dama.

– Ni ba na ba gurgu ƴata! in ji Malam Dalhatu, mahaifinta. Wa zai nome mata gero? In ya warke, ya rugo daga Magariya har ƙofar gidan nan kafin salla. In ba haka ba, a mayar musu da goronsu!

Tamu ta laɓe bayan rumbu ta sha kuka. Ta san anfirmiye, wato malamin asibiti, ya hana shi gudu sai bayan damina, ya ce tafiya a hankali, da takalmi mai taushin ƙasa. Amma Hambali ya rantse sai ya yi, ko gwiwar za ta tafi gaba ɗaya. Ita kuwa kunya ba ta taɓa barinta ta ce masa fiye da sannu ba, balle ta tambayi girman ƙafarsa.

Don haka ran nan da ya zo zance ya tafi, ta durƙusa kan rairayin ƙofar gida, ta karya kara daidai tsawon sawunsa. Ran kasuwa ta ja akuyarta ɗaya tilo, ta bi kakarta zuwa Magariya, suka sayar, suka nufi wurin masu takalma.

– Ga na tayar mota, in ji Ɗan Azumi mai takalma. Har jikokinki sai sun gada!

Tamu ta danna, ta ji kamar dutse.

– Zai buga masa gwiwa, ta ce a hankali.

– Masa? Kaka ta riƙe haɓa. Ashe mijin nawa kike shirin ƙwacewa, ja'ira!

Ɗan Azumi ya miƙo na roba, Tamu ta ce zai zame in ƙafa ta yi gumi. Sai ya zaro farin tenis mai kauri. Ta nutsa yatsa, wurin ya lotsa ya taso. Shi ke nan! Amma da aka ɗora karan, sai da ya zazzage buhu kafin ya sami wanda ya kai.

– Wannan saurayi ne ko raƙumi? in ji Ɗan Azumi.

Da la'asar Hambali ya zo gaisuwa, Malam na zaure. Kaka ta dire wa Hambali takalmin.

– Sa mu gani, angona.

Ya zura ƙafa, ƙafa ta ɓace a ciki. Ya ɗaga zai taka, takalmi ya yi tsalle ya bugi buta! Tamu da ke bayan zana ta dafe kai. Sawun ƙafar dama ta auna, wadda yake ja a ƙasa!

Kaka ta yi dariya har da hawaye, sannan ta juya ga ɗanta, Malam Dalhatu.

– Kai kuma ka ji. Akuyarta ta sayar. Ƙafar da ka raina, ita ta durƙusa tana aunawa.

Malam ya dubi takalman. Ya tashi ya shiga ciki, ya fito da auduga, ya zauna ya cusa a bakin takalman da hannunsa.

– Ungo. Da wannan dai ba ka iya gudu, sai tafiya sannu-sannu. Na janye maganata. Kunya ta kama ni.

Haka so na gaskiya yake, ba ya tilasta wa mai rauni gaggawa, kuma haƙuri kan tausasa zuciyar iyaye fiye da gardama.

Tamu ta fito daga bayan zana, ta yi magana, kowa ya ji:

– Hambali, ka bi gwiwarka a hankali. Ko damina nawa za ta ɗauka, wallahi ina nan ina jiranka.