Ƙwaƙwalwar Motar Marigayi

"Hajiya, motar nan ba lalacewa ta yi ba. Sata aka yi miki."

Sharhabil, mai gyaran wayar mota a bayan tashar Kawo, ya zaro kansa daga ƙarƙashin dashbod riƙe da wani ɗan akwatin ƙarfe. Hajiya Turai ta matso ta dafa ƙofar motar.

Tsohuwar mota ce, ba wadda ɓarawon kirki zai waiwaya ba. Amma ta mijinta ce, Alhaji Abdurrahim. Tun rasuwarsa motar ba ta leƙa bakin get ba. Duk safiyar Juma'a Hajiya kan shiga ta tayar da ita, ta zauna tana sauraron ƙugin injin. Da wannan ƙarar ta saba gane dawowarsa daga ofis tun yana kwanar layi. Yau ta murza makulli, injin ya yi ta juyawa, ya ƙi kamawa.

"Yi mini bayani dalla-dalla," in ji ta. Ba a banza ta yi shekaru tana aikin kotu kafin ritaya ba.

"Na jona kwamfutar gwaji, ta ce motar ba ta amsa mata. Na bi fiyus ɗaya bayan ɗaya, lafiya lau. Soket akwai wuta. Wayoyi ba inda ɓera ya ci. Saura ƙwaƙwalwa, wato wannan akwatin da ke ba inji umarni. To ga ta, matacciya ce, kuma ba ta motar nan ba ce. Dubi rubutun fentin nan, na masu sayar da tsofaffin kayan mota ne."

"Kafin a cire ta, me ake yi?"

"Mai hankali sai ya fara cire kan batir. An kuwa cire, ga sawun sifana sabo fil. Shi ya sa ma tashoshin rediyonki suka goge."

Ta kira maigadi, Malam Sanda, dattijon da suka daɗe tare.

"Wa ya taɓa motar nan a makon nan?"

"Hajiya, wallahi ni ko bonet ban san ta inda ake buɗewa ba."

"Ban ce kai ba. Wa ya shigo?"

"Isma'il makanike ya zo ranar Asabar ya canza baƙin mai. Sai Jamalu ranar Laraba, lokacin kin tafi asibiti awon ido."

Jamalu autanta ne, yana aiki a Abuja. Ta kau da sunansa gefe, ta sa aka ɗauko Isma'il daga garejinsa na Katabu. Ya iso yana ta rantse-rantse tun ba a tambaye shi ba.

"Ka cire batir?"

"Canjin mai ina ruwansa da batir, Hajiya? A gabanki na yi, a gabanki na tayar da ita."

"Kana iya dawowa daga baya."

"Ta ina? Makulli na hannunki."

Gaskiyarsa. Makulli biyu ne, ɗaya a jakarta, ɗaya a durowar ɗakin marigayi. Amma makanike bai rasa dabarar buɗe mota, don haka ba ta sallame shi ba tukuna. Ta koma kujerar direba ta zauna. Har yanzu akwai ɗan ƙamshin turarensa a jikin kujerar, ko kuwa zuciyarta ce ke ƙirƙiro shi, oho. Idonta ya sauka kan agogon dashbod. Ta dubi na wayarta, ta sake duban na motar.

"Sharhabil, in an cire batir, agogo fa?"

"Gogewa yake yi, sai an sake saita shi."

"Isma'il, jeka. Ka yafe ni."

Da la'asar ta kira Jamalu ta ce ya zo gobe, ba ta son jin wani uzuri. Ya iso da hantsi, ya durƙusa ya gaishe ta a gindin motar, yana kauce wa idonta.

"Auta, ƙarfe nawa agogon can ya nuna?"

Ya leƙa. Ta ci gaba da magana.

"Babanka ya saba ajiye shi gaba da minti goma don kada sallah ta wuce shi a hanya. Wanda ya cire batir ya ga agogo ya goge, ya gyara don kada in lura. Da baƙo ne, da daidai zai saita shi da wayarsa. Wannan kuwa ya ƙara minti goman. Mu nawa muka san haka a duniya? Ni ban taɓa agogon ba, yayyenka ba sa gari."

Jamalu ya sunkuyar da kai. "Ƙwaƙwalwar tana cikin but ɗin motata, Mama. Ban sayar ba."

"To don me? Ka rasa abin da za ka ɗaukar mini sai wannan?"

"Na ɗauka in motar ta mutu za ki haƙura ki biyo ni Abuja." Ya ɗago ya dube ta. "Duk zuwan da zan yi sai in tarar da ke a cikinta, gilas a rufe. Ni ma fa ubana ne, Mama. Ina kewarsa, kuma ba ni da wanda zan gaya wa. Ke ma kin shige mota kin bar ni."

Ta dube shi da kyau. Yaron ya rame, sai yanzu ta gani.

Aka kira Sharhabil ya mayar da ƙwaƙwalwar, ya jona kwamfuta, nan take ta amsa. Hajiya ta murza makulli, injin ya kama da tsohuwar muryarsa. Jamalu ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta fito, ta zagaya ta zauna a kujerar gefe.

"Malam Sanda, buɗe get. Auta, shigo ka ja mu."

"Ina za mu, Mama?"

"Ko'ina. Ina so ka ba ni labarin babanka, irin wanda ni ban sani ba."