Mai Goge da Ƙarfe Mai Yatsu Biyu

A wani zamani can baya, an yi wani mai goge wanda ya gaji ɗan ƙarfe mai yatsu biyu daga mahaifinsa. In ya buga shi a gwiwa, sai yatsun su kama rawa, su fitar da murya ɗaya tak wadda ba ta taɓa canzawa. Da wannan murya yake daidaita tsirkiyar gogensa kowace safiya.

Ana nan, tsufa ya zo, kunne ya fara nauyi. Ran nan ya buga ƙarfen, ya kasa kunne, shiru. Ya sake bugawa, shiru.

Ya ce, "Ƙarfen nan ya mutu."

Matarsa ta ce, "Maigida, ni kam ina jin sa sarai. Kama gindinsa da haƙoranka mana, ai ƙara tana bin ƙashi."

Ya kama, sai ga muryar nan tana ratsa kansa garau. Nan take ya gane ba ƙarfen ne ya mutu ba, ransa ya ɓaci.

"Ni za a gani ina cizon ƙarfe kamar doki da linzami, a ce na kurmance?" Ya wurga shi cikin rijiya.

Ranar wani biki ya ja gogensa. Tsirkiya ta saki, goge na ta kuka kamar akuya, shi kuwa bai sani ba. Mutane suka riƙa sulalewa ɗaya bayan ɗaya. Ba a ƙara gayyatarsa ba.

Tun daga ranar, kowace safiya sai a gan shi a bakin rijiya. Ya leƙa, ya kasa kunne, shiru.